Yadda ake shirya wasan kwaikwayo mai waƙa a makaranta a Sakkwato

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke korar kowa daga ɗaki. An ɗauke wuta, mun jawo katifu waje, sai abokin ɗakina ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba. Wasa ne a kan dandamali a Landan. Mutane suna cikin magana sai maganar ta rikiɗe ta koma waƙa, kuma labarin bai tsaya jiran waƙar ta ƙare ba: cikinta aka yi faɗa, cikinta aka shirya. Mu huɗu muka haɗa kai a kan 'yar wayar nan har cajinta ya ƙare. Kafin barci ya kwashe mu mun riga mun raba wa juna matsayi a wasan da ko suna bai da shi. Wata takwas bayan nan, ana tsakiyar hunturu, muka hau dandamali. Mun yi kurakurai ba adadi, don haka abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da zan bi da a ce yau zan sake farawa. Ko kana Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo can Dundaye, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Jami'ar Jiha, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, matakan ba su da wani bambanci.

Ka fara sanin abin da ka ɗauko

Irin wannan wasa gidansa biyu ne a duniya da kowa ya sani: Broadway a birnin Niyok na Amurka, da West End a Landan. Ƙafafunsa uku, labari da baitocin waƙa da kiɗa, sai rawa ta zo ta ƙara masa armashi. Abin da ya raba shi da waƙoƙin finafinan da muka saba gani shi ne aikin da waƙa ke yi. A fim sau da yawa ana dakatar da labari, saurayi da budurwa su tafi lambu su canza kaya sau uku, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. A nan kuwa idan ka cire waƙa ɗaya, sai labarin ya yi giɓi, mai kallo ya kasa gane yadda aka yi uban da ya rantse ɗazu ya sauko yanzu. Ka riƙe wannan, don shi ne ma'aunin da za ka auna kowace waƙa da shi.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa baƙon abu ne gaba ɗaya. Tashen da yara ke yi daga goma ga azumi wasan kwaikwayo ne da waƙa da amshi. Waƙoƙin gaɗa na 'yan mata a dandali ma suna da jagora da masu karɓi da tafi. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da mata ta hannun jajis ɗinta, wato mata malamai masu yawon karantarwa, na ƙungiyar 'Yan Taru. Ƙasar da ta fitar da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi ba ta buƙatar a koya mata yadda jagora ke jefa magana 'yan amshi su cafe. Abin da za ka aro daga waje shi ne tsarin ɗinke waƙa da labari. Zaren da allurar duk muna da su a gida.

Mutane kafin takarda

Kuskurenmu na farko shi ne mun tara mutum kusan talatin a zauren WhatsApp tun ba mu da ko layi ɗaya a rubuce. Sati biyu ana ta surutu da tura hotuna, daga nan zauren ya mutu. Fara da mutum biyar kacal: mai rubuta labari, mai tsara waƙa, darakta, ma'aji, da mai kula da dandamali. Wannan na ƙarshe shi aka fi rainawa, shi kuma ya fi kowa amfani. Shi ke riƙe da littafin da aka rubuta wa zai shigo ta ina, wace kujera za a ɗauke, yaushe kiɗa zai tashi. Nemi mutumin da ba ya makara lacca, mai rubutu tsaf, wanda ba ya sha'awar a gan shi. A ajinku akwai shi, yawanci ma mace ce.

Cikin biyar ɗin nan a tabbata akwai mace aƙalla ɗaya mai faɗa a ji a ɗakin kwanan mata. Idan babu ita, ba za ka samu 'yan wasa mata ba, waɗanda ka samu kuma ba za su daɗe ba. Sannan ku nemi malami guda ya zame muku uba. Sashen Hausa ko na Turanci ne wurin farawa, don can ne ake karantar da wasan kwaikwayo da waƙa, kuma idan akwai ƙungiyar Hausa mai shirya Makon Hausa, shiga ƙarƙashin inuwarta ya fi kafa sabuwar ƙungiya sauƙi nesa ba kusa ba.

Labarin

Ka taƙaita shi. Awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata, manyan 'yan wasa kada su wuce shida, wurare kada su wuce uku. Idan ba za ka iya faɗa wa mai shayin bakin ƙofa labarin kafin ya gama haɗa maka kofi ba, labarin bai nuna ba tukuna. Namu ga shi: manomin albasa a fadamar Rima ya tara kuɗin auren ɗansa, sai ɗiyarsa ta samu gurbin karatu, kuɗin kuwa ba za su ɗauki biyun ba. Shi ke nan. Kowa a zauren nan ya san gida irin wannan, wasu ma daga cikinsa suka fito.

Rubuta labarin zube tukuna, fitowa bayan fitowa, a shafi biyu. Sai ku zauna ku biyar da jan biro, ku yi alama a duk inda zuciyar wani ɗan wasa ta cika har magana ba za ta iya ɗauka ba. Nan ne gurbin waƙa. Za ku samu wurare shida zuwa takwas, sun isa. Ta farko ta buɗe wasa, kowa da kowa a kan dandamali, ta nuna wa mai kallo garin da mutanensa. Ta biyu ko ta uku tauraruwar ce ita kaɗai, tana faɗin abin da ranta ke so. A tsakiya a sa ta barkwanci don mutane su sha iska. Mu 'yan kasuwar albasa muka ba wa ita, dillali da mai awo suna zambar juna. Sai ta rigima, inda mutum biyu ke waƙa lokaci guda kowa da nasa ra'ayi. Sai ta rufewa.

Waƙar, inda aikin yake

A nan zan daɗe, don nan ne wasa ke tashi ko ya kwanta.

Fara da gindi. Makaɗan fada sun riga sun gano wannan tun da daɗewa: layi ɗaya ko biyu da ake komawa gare shi bayan kowane ɗa, wato baiti, har wanda bai taɓa jin waƙar ba ya kama shi a zagaye na uku. Mu karin magana muka ɗauka, wadda kowane Bahaushe ya sani: albasa ba ta yi halin ruwa ba. A fitowa ta uku uban ne ke jagora, yana cikin fushi da ɗiyar da ta ƙi bin ra'ayinsa:

Na shuka, na yi ban-ruwa,
Albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Na kwan fadama, sanyi na duka,
Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

A ƙarshen wasa sai gindin nan ya dawo, kalmominsa ko ɗaya ba a taɓa ba, amma yanzu uwar ce ke rera shi a hankali, ba kiɗa, ranar da ɗiyar ta dawo da takardar kammalawa. Abin da ya fito a matsayin gori ya koma alfahari. Wannan dabarar maimaita waƙa da sabuwar ma'ana tana cikin manyan makaman irin wannan wasa, kuma ba ta cin ko kwabo. Idan ka samu gindi ɗaya da zai iya juyawa haka, ka samu rabin wasanka.

Sai ƙirgar gaɓa. Rubuta layin farko, ka tafa hannu kana faɗinsa, ka ƙirga. Duk layin da zai zauna a gurbinsa a ɗa na gaba ya zo da adadin nan, kuma dogayen gaɓoɓi su faɗa inda dogaye suka faɗa. Idan ka cusa gaɓa goma sha biyu a gurbin tara, mai rerawa zai riƙa haɗiye kalmomi, na bayan zaure ba zai ji komai ba. Wanda ya yi darasin karin waƙa a aji, yau ranarsa ce.

Abu na uku shi ne wanda ya ba mu kunya a gwaji. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na canza ma'anar kalma. Mun ɗora wani layi a kan wani kari da mai tsara mana waƙa ya kwaso daga wayarsa, layin na cewa kuka ya hana yarinyar barci. Karin ya tilasta wa muryar ta sauka a gaɓar ƙarshe, sai kukan hawaye ya koma kukar miya. Ana cikin wurin da ya kamata a yi jugum, wata daga cikin 'yan amshi ta tuntsire da dariya ta ce, "To a sare ta mana a huta." Haka wuya na jiki da wuya ta wahala, haka gari na zama da garin tuwo. Maganin abin shi ne ka faɗi layin da bakinka kamar kana hira, ka saurari inda murya ke hawa da inda take sauka, sannan ka gina karin a kan wannan. Kalma ce ke gaba, kari na biye. Duk wanda ya fara da karin waƙar wani harshe ya ce zai cusa Hausa ciki, zai sha gyara har ya gaji.

Sannan kowa ya yi waƙa da bakinsa. Tsohon manomi daga ƙauyen Wurno ba zai rera da Hausar labaran rediyo ba. Bar shi ya ce "munka" da "wanga" da "mi kaka so". Ranar wasanmu, layin farko da uban ya saki da Sakkwatanci tsantsa, zauren ya ɗauki shewa tun bai kai ƙarshensa ba. 'Yar bokon kuma a bar ta da irin Hausar da ɗalibai ke yi. Bambancin bakin nan kaɗai ya isa ya nuna ratar da ke tsakanin uba da ɗiya.

Da kun gama kowace waƙa ku ɗauke ta a waya, murya zalla, ku tura wa masu rerawa. A gwada ta da muryar wanda zai yi ta tun da wuri, don abin da ya zauna wa namiji daidai yakan yi wa mace ƙasa ko sama da yawa. Wanda ya iya piyano zai gano muku inda ya dace da kowa cikin minti biyar.

Kiɗa

Za a ba ka shawarar ka je situdiyo a buga komai a kwamfuta, 'yan wasa su hau su yi mamin, wato motsa baki kawai. Kada ka yarda. Ran da na'ura ta tsaya, ko ɗan wasa ya yi tuntuɓe ya makara da daƙiƙa biyu, asiri ya tonu, kuma ko ba ta tsaya ba mutane suna gane bakin da ke motsi ba murya. Makaɗi mai rai yana jiran ɗan wasa, yana bin numfashinsa.

Kayan da suka ishe ka kaɗan ne: kalangu ɗaya, ƙwarya biyu ko uku a hannun mata, tafi, sai piyano idan akwai mai bugawa. Kotso da taushi kayan fada ne, suna da masu su da ƙa'idarsu, kada ka ɗauko su don ado kawai. Mu wani dattijon makaɗi muka samo a cikin gari ta hannun kawun ɗaya daga cikinmu. Ranar farko na tsaya ina yi masa bayani da hannu, ina cewa a nan a yi sauri, a nan a sassauta. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, kalangu magana shika yi. Hwaɗa min abin da kaka son shi ce." Na karanta masa gindin waƙar sau biyu. Ya matse kalangun a hammata ya buga, sai ga albasa ba ta yi halin ruwa ba tana fitowa daga fata, gaɓa bayan gaɓa. Daga ranar na daina koya masa aikinsa. Ku yi ciniki da shi tun farko, kuɗin kowane zuwa da na ranar wasa, ku haɗa da kuɗin kabu-kabu, kuma ku kira shi Baba, ku ba shi kujera.

Izini da mutunci

Kafin ku kira kowa gwaji, takarda ta tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai da sa hannun malamin da ke muku uba: sunan wasa, taƙaitaccen labari, rana, zauren da kuke so, sunayen shugabanni. A kai kwafi ofishin tsaro. A riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, a ɗauki hotonsa a waya. A fara wannan da wuri, don takarda a ofis ba ta da ƙafa, sai an bi ta.

Sakkwato kuma gari ne da ke da idonsa, kuma gaskiyarsa ne. Ku tsara wasan yadda mahaifin kowace yarinya zai iya zama a layin gaba bai sunkuyar da kai ba. Ba riƙe hannu tsakanin mace da namiji, rawar mata daban ta maza daban, sutura cikakkiya. Wannan bai rage wa wasa komai ba. Mata da miji da ke waƙa kowa a nasa gefen dandamali, tabarma ɗaya a shimfiɗe tsakaninsu ba wanda ya taka, sun fi waɗanda suka rungumi juna taɓa zuciya. Ku ba wani mai ilimin addini da kuke girmamawa rubutun ya karanta, ko daga cikin malamai ko daga Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, tun kafin jita-jita ta riga ku isa. Wanda aka nemi shawararsa da wuya ya zama mai suka. Ɗalibar da ke zuwa daga gida, a rubuta wa iyayenta takarda da lokutan gwaji a ciki, kuma a cika alkawarin lokacin tashi.

Raba matsayi

Nan ne zumunci ke shan gwaji. Ku sa rana, kowa ya zo ya rera ɗa ɗaya da gindi, ya karanta rabin shafi. Masu zaɓe su zama uku, ɗaya daga ciki wanda ba abokin kowa ba ne, kuma a faɗa tun kafin a fara cewa hukuncinsu ya zauna.

Abokin ɗakin nan nawa da ya fara nuna mana wasan a waya, shi ya ɗauka matsayin uban nasa ne, mu ma haka muka ɗauka. Sai wani ɗan aji ɗaya da ba wanda ya san shi ya buɗe baki, muka kalli juna. Da aka kafe sunaye, abokina ya kwana huɗu bai ce mini uffan ba, alhali tukunya ɗaya muke ci. Yakan dafa taliya ya zuba nasa ya bar mini nawa a rufe, ya fita. A dare na biyar na same shi a bakin famfo na ce, "Aboki, mi niy yi maka?" Ya ce, "Ba ka yi min komi ba. Kai dai da ka hwaɗa min da bakinka, ba in gani ga allo ba." Gaskiyarsa. Don haka duk wanda ka san ya sa rai, same shi kai da shi kafin a kafe takarda. Abokin nan nawa shi ya zama jagoran 'yan amshi daga baya, kuma ba don lallashi muka ba shi ba: mutum goma sha biyu ne ke kallon hannunsa kafin su buɗe baki, kuma amshin nan shi mutane suka fita suna rerawa.

Kowane babban matsayi a yi masa na-baya wanda ya haddace komai. Zazzaɓi ba ya duba kalanda.

Gwaji

Sati takwas, sau uku a sati, tsakanin La'asar da Magariba. Lokacin ya yi gajere, amma shi ne wanda ba lacca, rana ta yi sanyi, mata kuma za su koma da haske. Ku duba kalandar makaranta ku kauce wa satin tes da na jarrabawa, ku kauce wa azumi, don makogwaron mai azumi ba na waƙa ba ne. A zafin Maris zuwa Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, zaure cike da mutane azaba ne. Ƙarshen damina zuwa hunturu ya fi.

Sati biyun farko a zaune za a yi su, waƙa kawai, har kowa ya ajiye takarda. Na uku da na huɗu a tashi tsaye: darakta ya nuna wa kowa inda zai shigo, inda zai tsaya, inda zai fita, a zana faɗin dandamalin da alli a ƙasa, mai kula da dandamali yana rubuta komai. Na biyar da na shida a haɗa da makaɗa, a ba da ƙarfi ga gaɓar da magana ke komawa waƙa. Wurin nan ne aka fi jin ɗinki. Dabarar ita ce kiɗa ya fara can ƙasa-ƙasa tun ɗan wasa yana kan layinsa biyu na ƙarshe, yadda zai zame cikin waƙar ba tare da ya tsaya ya gyara murya ya kalli makaɗi ba. Sati biyun ƙarshe a riƙa yin wasan daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ko an yi kuskure a wuce, gyara sai an gama. Gwaji na ƙarshe a yi shi a ainihin zauren, da kaya a jiki, da lasifika a kunne.

Aika mutum ɗaya ya zauna a kujerar ƙarshe. Duk layin da bai ji ba ya ɗaga hannu. Za ka yi mamakin yawan ɗagawar.

Hunturu na busar da makogwaro, ƙura kuma na shaƙe shi. Kowa ya zo da gorar ruwa, mai ɗumi ya fi, a guji ƙanƙara kafin waƙa. Shayin citta da kanumfari da ɗan zuma yana sanyaya wuya. Minti goma na farkon kowane gwaji a yi su da ɗumama murya baki rufe, daga ƙasa zuwa sama, kafin a saki waƙa. Wanda muryarsa ta dushe ya yi shiru kwana biyu, kada ya ce zai matsa.

Dokar makara a kafa ta ranar farko, ta hau kan kowa har darakta. Mu tararmu ita ce mai makara ya sayo wa jama'a awara ko rake. Ba wanda ya ji haushi, kuma zaman cin awaran nan bayan an tashi, ana tsokanar wanda ya manta layi, shi ya mayar da mutum ashirin da ba su san juna ba abokai. Amma ka sa ido kan karatun mutanenka. Wanda ka ga ya fara tsallake lacca saboda wasa, ka ja shi gefe. Iyayensa ba rawa suka turo shi ba.

Kuɗi da kaya

Karo-karo ne tushe, kowa daidai ƙarfinsa, sai abin da malamai da 'yan uwa suka taimaka. Ma'aji ya rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita, ya ɗauki hoton shafin duk Juma'a ya tura zaure. Ƙungiyoyin ɗalibai da yawa ba rashin basira ya kashe su ba, "ina kuɗinmu" ne. Mafi tsoka a kashewa su ne hayar lasifika da makirfo, man janareta, da sallamar makaɗa. Sutura kuwa aro ce: babbar rigar kawu, zanen saƙin kaka, malfa, tabarma, buhun albasa biyu da aka cusa wa tsumma aka ɗora 'yan ƙwayoyin albasa a baki. Abin da ya rage a leƙa Tsohuwar Kasuwa. A rubuta sunan mai kowane abu a jikin tef a manna.

Ku yanke shawarar liƙi tun kafin ranar. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira a wurin biki, kuma ko ba doka, mutum ya hau dandamali yana liƙa wa tauraruwa kuɗi a tsakiyar waƙar baƙin ciki ya gama da fitowar. A ajiye faifai a bakin ƙofa, mai gabatarwa ya sanar, abin da aka samu na ƙungiya ne.

Ranar wasa

A je zaure awa uku kafin lokaci. Janareta a kai shi nesa, bayan gini, da doguwar waya, a cika shi da mai a kuma ajiye galan. Ko akwai wuta a tayar da shi a yi wasan a kansa, don ɗaukewar wuta a tsakiyar waƙa ta fi ƙarar inji ciwo. Sababbin batura a kowane makirfo, wasu a aljihun mai kula da dandamali. Idan makirfo biyu ne kawai, a ba masu jagora, 'yan amshi su matso gaba su yi da ƙarfin ƙirjinsu. A sa lokacin farawa yadda za a gama kafin kiran salla, ko a fara bayan an idar. A tanadi kujerun manyan baƙi, amma jawabi kada ya wuce ɗaya, shi ma gajere. Mu mun bar mutum huɗu sun yi, har 'yan wasa suka yi gumi suka bushe a bayan labule.

Kafin a buɗe, ku taru ku yi addu'a, darakta ya yi shiru daga nan, ragama ta koma hannun mai kula da dandamali. Wanda ya manta baiti kada ya tsaya: ya yi wa jagoran amshi ido, a koma gindi, kafin a zagayo ya tuna. Haka ta faru da mai wasan uban a waƙarsa ta biyu. Abokina ya ɗaga hannu, 'yan amshi suka shigo, aka maimaita gindin sau uku, a na ukun zauren duka ya karɓa. Har yau akwai waɗanda suka ɗauka haka aka tsara.

A sa mutum biyu su ɗauki bidiyo, ɗaya daga tsakiya a kan abin da ba ya motsi, ɗaya daga gefe. Kada a sa komai a intanet sai an tambayi kowace mace da ta fito a ciki.

Washegari

A share zaure a mayar da kujeru a daren, don gobe wani zai nemi izini a bayanku. Cikin kwana uku ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa, a kai wa malamin da ya tsaya muku godiya har ofis, a sallami Baba makaɗi da ɗan ƙari a kan abin da aka yi ciniki. Littafin mai kula da dandamali, da rubutun wasan, da muryoyin da aka ɗauka, a damƙa su ga wani ɗan aji biyu mai hankali.

Sai mayar da kayan aro, gida gida, da ƙafarku. Ƙwaryar da muka aro wurin wata tsohuwa mai fura a Runjin Sambo ta tsage a waƙar ƙarshe, don mai bugun ta manta kanta. Muka sayi sabuwa muka haɗa da tsagaggiyar muka kai, ina ta shirya ban haƙuri a hanya. Ta juya tsohuwar a hannu, ta bi tsagar da ɗan yatsa, ta ce, "Ku ɗiyan boko, kiɗi kunka yi ko dambe?" Na ce, "Inna, a yi muna haƙuri." Ta karɓi sabuwar ta ajiye gefe, ta ce jikarta ta dawo mata da wata waƙar albasa da ta hana gidan sakat tun shekaranjiya, mu zauna mu rera mata ita daga farko ta ji inda yarinyar ke ɓatawa. Muka zauna a kan dakalinta mu uku, abokina ya ɗaga hannu, muka ɗauko gindin.